Malami da Gasa: Tarihin Horar da Ɗaliban Kimiyya a Ƙasar Katsina

1. Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin wani aiki wanda ake cin moriyarsa kowace shekara, amma ba a cika tsayawa a yi nazarinsa ba, watau aikin malamin da ke zaɓen ɗalibai, ya horar da su, ya kai su gasar kimiyya da fasaha da sunan makarantarsu. Ranar da aka ci kofi, hoton da ke fitowa a jarida na Kwamishina ne da shugaban makaranta da yaran da suka yi nasara. Malamin da ya yi wata shida yana zama da su bayan La'asar, in an gan shi, to, a gefe yake tsaye. Za a duba asalin wannan aiki a ƙasar Katsina tun kafin zuwan Turawa, da yadda ya sake kama a zamanin Kwalejin Katsina, da misalan da wasu ƙasashe suka bari, sa'an nan a zo ga gasannin da ake yi a Nijeriya da abin da suke bukata daga malami da kuma ma'aikacin gwamnati.

2. Katsina kafin boko

Ilmin lissafi ba baƙo ba ne a Katsina. Tun a ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shaihu Al-Maghili ya ratso ƙasar Hausa, birnin ya zama masaukin malamai, kuma a ƙarni na 17 ya fitar da irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Wanda ya fi dacewa da wannan magana shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi karatu wurin malamai irin su Muhammadu Alwali na Bagarmi, ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan Al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar. Cikin abin da ya rubuta da Larabci wajen 1732 akwai bayanin hanyoyin gina wafaƙi, wanda Hausawa suka fi sani da hatimi.

Idan aka ajiye maganar asiri a gefe, hatimi aikin lissafi ne tsantsa. Ana jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai gida tara, wanda aka cika da 1 zuwa 9, jimlar kowane layinsa 15 ce. Mai gida 25 kuwa jimlarsa 65. Abin da Al-Katsinawi ya koyar shi ne ƙa'idar da mutum zai bi ya cika kowane hatimi mai gefe mara, komai girmansa, ba tare da lalube ba. Duk wanda ya taɓa ganin tambayoyin gasar lissafi ta zamani zai gane cewa irin wannan tunani ake nema: a gano dokar da ke ƙarƙashin misalai, sa'an nan a nuna dalilin da ya sa ba za ta saɓa ba.

Tsarin koyarwar zaure shi ma yana da darasi. Malami yakan san kowane almajiri da kansa, ya san inda ya tsaya jiya, ba ya kuma ba shi littafi na gaba sai ya gamsu da na baya. Haka maƙeri da marini da magini suke da yaransu: yaro yakan daɗe yana zuga kafin a miƙa masa masaba. Gwada ƙwazo a bainar jama'a kuwa al'ada ce tsohuwa, daga kokawa da dambe bayan kaka har zuwa tseren kunya a gonar gayya, kuma babu ɗan damben da ke shiga fage ba tare da ubangidan da ya gyara masa hannu ba.

3. Kwalejin Katsina

An fara karatu a Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Manufarta ta farko ita ce horar da malaman da za su koma lardunansu su koyar, saboda haka aka fi ba da ƙarfi ga Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa. Kimiyya ta zo daga baya, bayan 1929, lokacin da aka haɗa ma'aikatun ilmi na Kudu da Arewa a ƙarƙashin E.R.J. Hussey, aka kuma ɗaga makarantar zuwa babbar kwaleji don ta riƙa shirya waɗanda za su kama aikin asibiti da gona da ayyukan gine-gine. Wannan jinkiri ya bar tabo mai zurfi, gama Arewa ta kai ga mulkin kai da ƙwararrun malamai da masu mulki, amma likitocinta da injiniyoyinta ana iya ƙirga su da yatsu.

Gasar da aka sani a kwalejin ta filin wasa ce. Gidajen kwana sukan kara da juna a kurket da guje-guje da wasan fayif, wanda Ahmadu Bello, ɗalibin makarantar daga 1926 zuwa 1931, ya riƙe har ƙarshen ransa. A nan ne aka fara sabawa da tsarin ƙungiya mai kyaftin da malami mai kula da ita da lokacin atisaye na yamma, tsarin da kulob-kulob na kimiyya suka gada bayan shekaru sittin.

Gasar ƙwaƙwalwa ta farko da Katsina ta yi fice a cikinta ta rubutu ce. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya zaga manyan garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga, biyu daga Katsina suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ke koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara. Abin lura shi ne East bai tsaya ga ba da kyauta ba. Ya karanta rubutun, ya nuna inda za a gyara, daga baya ya jawo Imam Zariya suka yi aiki tare shekara da shekaru. Daga wannan zama aka sami Magana Jari Ce, aka sami jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma sami Ikon Allah a 1949, littafin da su biyu suka rubuta don bayyana ilmin halitta da Hausa. Gasar ta gano mutumin, zaman da aka yi da shi bayanta ne ya fitar da amfaninsa.

An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. Daga cikin waɗanda ta yaye akwai Iya Abubakar, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya zama farfesan lissafi yana da ƙuruciya, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Tsohon ginin na Katsina ya zama gidan tarihi.

4. Abin da wasu ƙasashe suka yi

Gasar lissafi ta 'yan makaranta irin ta zamani ta samo asali a ƙasar Hungari a 1894. A shekarar ne aka fara jarrabawar da aka sa wa sunan Eötvös, a shekarar kuma wani malamin sakandare, Dániel Arany, ya kafa mujallar wata-wata mai buga tambayoyi, ɗalibai su aiko da amsa, a buga sunayen waɗanda suka warware. László Rátz, malamin wata makarantar sakandare a Budafes, ya riƙe mujallar kusan shekara ashirin, kuma ta hannunsa John von Neumann da Eugene Wigner suka bi. Theodore von Kármán, wanda ya zama jigo a ilmin ƙera jiragen sama, ya ci gasar a 1898. Ƙasar ƙarama ce, amma ta cika duniya da masana, domin yaron da ke ƙauye yana da tambayar da zai yi ta fama da ita kowane wata, yana kuma da wanda zai duba masa.

Tarayyar Sobiyet ta fara nata gasannin a Leningirad a 1934 da Mosko a 1935, tare da da'irorin lissafi inda malaman jami'a da ɗalibansu ke zama da 'yan sakandare a ƙarshen mako. Amurka ta fi karkata ga baje kolin ƙirƙira: an fara neman masu hazaƙa da tallafin kamfanin Westinghouse a 1942, aka yi baje kolin kimiyya na ƙasa na farko a 1950. Da Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, sai Amurka ta farga, ta zuba kuɗi a ɗakunan gwaje-gwaje da horon malamai. A 1959 aka yi gasar lissafi ta duniya ta farko a Romaniya da ƙasashe 7. Ta fizis ta biyo baya a 1967, ta kemistiri a 1968, ta Afirka kuma aka fara ta a Rabat a 1987.

Tsarin gasar lissafi ta duniya ya isa ya nuna irin horon da take bukata. Kowace ƙasa tana tura ɗalibai shida. Ana yin kwana biyu, kowace rana tambaya uku cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42. Yaron da aka saba masa da zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu a minti guda ba zai iya zama awa ɗaya da rabi a kan tambaya guda ba, sai in wani ya koya masa wannan haƙuri tun da wuri.

5. Nijeriya: daga manufa zuwa gasa

An kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, STAN, a 1957, ita ce kuma ta tsara manhajar haɗaɗɗiyar kimiyya da aka yi ta koyarwa a ƙananan azuzuwan sakandare tun farkon shekarun 1970. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta fito a 1977, aka sake duba ta a 1981, aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982. Gwamnati ta tsai da cewa kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a na kimiyya ne, 40 na sauran fannoni. Tsai da kaso abu ne mai sauƙi, cika shi kuwa sai da ɗaliban da suka taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsu. An sayo injunan koyar da fasaha masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu wutar lantarki ko ɗakin da za a kafa su ko malamin da ya san kansu.

Jihar Kano ta ɗauki wata hanya. A 1977 ta kafa hukuma ta musamman, ta mai da makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa na kimiyya zalla, ana shiga ta jarrabawar zaɓe, aka ƙara ta 'yan mata a Taura a 1981. Cikin 'yan shekaru likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar suka yawaita, sauran jihohin Arewa kuma suka kwaikwayi tsarin. Katsina, wadda ta kasance cikin Jihar Tsakiyar Arewa daga 1967 da Jihar Kaduna daga 1976, ta sami jiharta ranar 23 ga Satumba 1987, ta kuma kafa hukumar ilmin kimiyya da fasaha mai kula da makarantun kwana irin na Dutsin-Ma da Ƙanƙara da na 'yan mata a Malumfashi.

Kafuwar jihar ta zo daidai da lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin JETS, watau ƙungiyar ƙananan injiniyoyi da masu fasaha da masana kimiyya, a ƙarshen shekarun 1980. An nemi kowace makaranta ta kafa kulob a ƙarƙashin malami, a yi gasa daga shiyya zuwa jiha zuwa ƙasa, ɓangare guda na kacici-kacici, ɓangare guda na baje kolin abin da yara suka ƙera. A daidai wannan lokaci aka kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja, wadda ke shirya gasannin zaɓen wakilan ƙasa. Kamfanin madarar Cowbell ya fara gasar lissafi ta sakandare a 1998, wadda daga baya ta koma talabijin, kamfanin mai na ƙasa kuma ya fara kacici-kacicin kimiyya a farkon shekarun 2000. Nijeriya ta fara shiga gasar lissafi ta duniya a 2006, shekara 47 bayan kafa ta, ta kuma karɓi baƙuncin gasar kimiyya ta duniya ta ƙananan ɗalibai a Abuja a 2010.

Sai dai shirin JETS ya zo a mawuyacin lokaci. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, malaman kimiyya 'yan Indiya da Pakistan da Masar da Filifin, waɗanda suka riƙe ɗakunan gwaje-gwaje na Arewa tun shekarun arzikin mai, suka tattara suka tafi. Giɓin da suka bari an yi ta cike shi da masu yi wa ƙasa hidima, tsarin da aka kafa a 1973. Da yawa daga cikinsu haziƙai ne, amma shekara ɗaya suke yi. Kulob yakan tashi da zuwan mutum, ya kwanta da tafiyarsa, wanda ya gaje shi kuma ya fara daga tushe.

Katsina ta yi sa'ar samun gwamna wanda ya san allo da alli. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya karanta kemistiri da koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyar a Legas da Zariya da Katsina daga 1975 zuwa 1983, sa'an nan ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007. A zamaninsa aka yi gyaran makarantu mai yawa, aka kafa jami'ar jiha a 2006, wadda aka sa wa sunansa. Idan aka haɗa ta da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, za a ga birnin ya tara irin masanan da da'irorin Mosko suka dogara da su. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta haɗa su da 'yan sakandare a kai a kai.

6. Aikin mai horarwa

Aikin yana farawa da zaɓe, kuma a nan ake yawan kuskure. Malami mai gaggawa yakan ɗauki na ɗaya da na biyu a aji shida, mako biyu kafin gasa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Malami mai hangen nesa yakan buɗe ƙofar kulob ga kowa tun daga aji ɗaya, ya lura da yaron da ke tambayar dalili, da wanda ke kwance tsohuwar rediyo don ya ga cikinta, ko da makinsa na Turanci bai kai ba. Manyan ɗalibai su koya wa ƙanana, ta yadda in 'yan aji shida sun fita akwai waɗanda suka riga suka ga fage.

Kacici-kacici da ƙirƙira horonsu ya bambanta. Na farko yana son sauri da faɗin sani da sabawa da agogo, ana kuma samunsa ta yawan maimaici da tsofaffin tambayoyi. Na biyu yana son natsuwa da awo da rubuta abin da aka gani. Misalin da ya fi kusa shi ne na Malam Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa, wanda ya sami kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Kowace tsohuwa ta san randa tana sanyaya ruwa. Abin da zai mai da wannan sani aikin gasa shi ne awo.

A nan mai horarwa zai sa yara su ajiye tukwane biyu a wuri ɗaya, ɗaya da yashi jiƙaƙƙe ɗaya babu, su auna zafin cikinsu da na waje safe da rana da yamma, su rubuta a littafi da kwanan wata. Za su gwada a inuwa da rana, a inda iska ke kaɗawa da inda ba ta kaɗawa. In sun yi haƙuri suka maimaita da bazara da damina, za su gano da kansu cewa dabarar tana aiki sosai lokacin da iska ta bushe, tana kuma raunana cikin Agusta sa'ad da iska ta ƙoshi da laima. Yaron da ya gano wannan da ma'aunin zafi a hannunsa ya fahimci fizis fiye da wanda ya haddace shafi goma, kuma babu tambayar alƙalin gasa da za ta kayar da shi. Kayan aikin duka ana samunsu a kasuwa, in ban da ma'aunin. Haka za a iya yi da akwatin busar da tumatir da hasken rana, ko murhu mai rage cin itace, ko tace ruwan rijiya da yashi da gawayi.

Babbar fitinar wannan aiki ita ce son kofi. Akan sami malami ya ƙera abin da kansa, ko a kai wa mai gyaran rediyo a bakin kasuwa ya haɗa, a ba yara jawabi su haddace. Wani lokaci dabarar takan ci, musamman in alƙalai sun fi kallon ƙyalƙyali da fitilu masu walƙiya. Amma yaron ya koyi darasi guda wanda ba zai manta ba, cewa ana samun yabo da aikin wani, kuma wannan yaro ne gobe zai sa hannu a takardar cewa gada ta ginu daidai. Maganin abin yana hannun masu shirya gasa: a ba littafin awo maki mai tsoka, a tambayi kowane yaro shi kaɗai, a sa shi ya kwance abin ya mayar.

Akwai kuma batun harshe. Gasa da Turanci ake yin ta, yaro kuwa da Hausa yake tunani. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci shekara shida, ya nuna cewa koyo da harshen uwa bai rage musu komai a kimiyya ko Turanci ba. Ƙwararren mai horarwa yakan sa yaro ya bayyana aikinsa da Hausa tukuna, kamar yana yi wa kakarsa bayani. In ya iya, to, ya gane, sauran aikin na fassara ne. In ya kasa, Turancin da ya haddace rufin asiri ne kawai.

7. 'Yan mata da tsaro

Katsina na cikin garuruwa biyu na farko a Arewa da aka buɗe wa 'yan mata makarantar boko a 1930, ɗayan kuwa Kano. Duk da haka tafiya gasa tana da wuya ga yarinya fiye da yaro, domin uba ba zai bar 'yarsa ta kwana a wani gari ba sai ya san wadda za ta raka ta da inda za ta sauka. Saboda haka malama mai horarwa tana buɗe ƙofar da malami namiji ba zai iya buɗewa ba. A 2018 'yan mata biyar daga wata makaranta a Onica suka ci zinare a gasar Technovation a Amurka da manhajar waya mai gano jabun magunguna, kuma mace ce ta horar da su.

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300, aka sako su ranar 17 ga watan. Gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin. Asarar ta wuce ta darussan da aka rasa, gama tsarin makarantun kimiyya tun daga Dawakin Kudu an gina shi ne a kan kwana: a tara haziƙan yaran ƙauyuka wuri ɗaya, a ba su karatun dare da ɗakin gwaji da malamin da ke zaune cikin makaranta. Ɗan birni yana da makarantar kuɗi da darasin yamma. Ɗan ƙauye kuwa, in tsoro ya hana iyayensa sakinsa, babu wata hanyar da za ta kai shi fagen gasa, ƙasa kuma ba za ta taɓa sanin abin da ta rasa ba.

8. Kammalawa

Akwai abin koyi kusa da gida. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, kusan sa'ar JETS ce, amma ta kafu ta yi jijiya har ƙananan hukumomi, ta kuma fitar da zakaru a gasannin duniya, maza da mata. Dalilan a fili suke. Malaman da ke horarwa suna zaune wuri ɗaya shekara da shekaru, al'umma ta san su tana girmama su, lokacin gasa sananne ne, masu hali kuma suna ba da gudummawa ba sai an roƙe su ba.

Abin da tarihin nan ke nema daga ma'aikacin gwamnati bai fi ƙarfinsa ba. Kuɗin kulob su fita a zangon farko, lokacin da ake sayen waya da batir da ma'auni, maimakon makon tafiya. Kada a yi wa malamin da ya gina ƙungiya canjin wurin aiki a tsakiyar shekara ba tare da an tanadi magajinsa ba. A lissafa sa'o'in horarwa cikin aikinsa, a rubuta sunansa a takardar yabo tare da na yaran, a duba wannan lokacin ƙarin girma. Hukuma ta ajiye kundin tambayoyi da rahoton ayyukan kowace shekara, don mai zuwa ya tarar da abin da zai ɗora a kai. Ga ɗaliban jami'a kuwa, musamman masu karatun kimiyya da koyarwa, yammacin Asabar ɗaya a wata a makarantar sakandaren unguwa ya isa ya fara da'ira irin wadda ta raya lissafi a wasu ƙasashe.

Al-Katsinawi ya bar garinsu ya rasu a Alƙahira, Kwalejin Katsina ta tashi ta koma Zariya, malaman ƙetare sun zo sun tafi. A kowane zamani ƙasar ta haifi yara masu kaifin basira, kuma abin da ya bambanta zamanin da aka ci moriyarsu da wanda aka yi asararsu shi ne samun malamin da ya zauna da su, da hukumar da ta bar shi ya zauna.